Muryar Jitar Bahago

Tela ne, kuma Tela kowa yake ce masa a layin, har da matarsa idan ya ba ta haushi. Shagonsa yana ƙarƙashin wani bene, tsakanin mai sayar da fenti da mai aski. Keken ɗinki biyu ne a ciki, da teburin yanka, da dogon madubi wanda kusurwarsa ta tsage. A bayan ƙofa, inda yake rataye kayan da ya gama, akwai wata baƙar jita ta lantarki da ya saya a hannun wani shekara goma sha takwas da suka wuce. Idan aiki ya lafa da rana sai ya sauko da ita, ya jona ta da ɗan akwatin sautinsa, ya yi ta kaɗa waƙoƙin Bahago.

Bahago shi ne makaɗin jitar da duk ƙasar ta sani. Ya rasu shekara goma sha biyu ke nan, amma har yanzu idan aka sa faifansa a mota sai hira ta tsaya. Jitarsa tana da wata murya da ba a taɓa jin irinta a hannun wani ba. A ɗan dishe take, kamar ta mutumin da ya tashi daga barci, kuma duk sautin da ya fita sai wani siririn sauti ya biyo bayansa kamar inuwa. Tela ya haddace waƙoƙin nan kaf, ya san inda kowane yatsa yake sauka. Amma idan ya kaɗa, waƙar ce kawai take fitowa, muryar ba ta zuwa.

Wata Litinin da safe yana cikin yanka wando, rediyo ta kawo sanarwa. Zabiya, wadda ta yi shekara ashirin tana waƙa a gefen Bahago, kuma ta rufe bakinta tun ranar da aka binne shi, ta yarda za ta sake hawa dandamali sau ɗaya. Sharaɗinta guda ne: a samo mata makaɗin da jitarsa za ta yi mata magana irin ta wancan. Duk mai sha'awa ya zo gidan rediyo nan da mako biyar a gwada shi.

Tela ya ajiye almakashi. Bai sake ɗauka ba sai da mai wandon ya yi gyaran murya.

Washegari ya je babban kantin kayan kiɗa. A bangon faifan Bahago na farko akwai hotonsa riƙe da wata jar jita mai ƙyalli, kuma kowa ya yi imani a cikinta sirrin yake. Mai kantin yana da irinta, a rataye can sama. Da ya faɗi kuɗinta, Tela ya yi murmushi kawai, don ko ya sayar da kekunansa biyu da madubin ba za su kai ba. Mutumin mai kirki ne, ya sauko masa da ita, ya jona ta da wani akwatin sauti da ya kai ƙugun mutum tsawo.

"Taɓa ka ji, ba sai ka saya ba."

Ya taɓa. Sautin ya fito tas, mai tsabta kamar ruwan gilashi. Ya yi daɗi ƙwarai, amma ba muryar Bahago ba ce. Tela ya fito daga kantin kansa a ɗaure, ya rasa ko baƙin ciki zai yi ko murna.

Daga nan shagon ƙanwarsa ya nufa. Ita ce autarsu, kuma Auta suke ce mata duk da ta haura talatin da biyar. Gyaran rediyo da talabijin take yi a wani lungu kusa da tashar mota, ko da yake yanzu yawanci wayoyi ake kawo mata. Ya same ta sunkuye a kan tebur, hayaƙin dalma yana tashi a gaban tabaraunta.

"Yaya, lafiya na gan ka da rana tsaka? Ko keken ne ya sake cin fis?"

Ya zauna a kan wata matacciyar talabijin ya kwashe labari ya faɗa mata. Ta miƙa hannu, ya ba ta tsohon kaset ɗin Bahago da yake yawo da shi a aljihu. Ta sa a rikoda, ta toshe kunnuwanta da abin sauraro, ta rufe ido. Ta mayar da wuri ɗaya baya har sau shida.

"Kai waƙa kake ji," in ji ta da ta cire. "Ni kuwa abin da nake ji, wannan sifikar a yage take."

"Wace sifika?"

"Ta mutumin naka. Takardarta ta tsage. Kullum irinta ake kawo mini, ana cewa Auta rediyona tana mura. Shekara nawa ina liƙe su da gam, ashe kai ita kake nema."

Tela ya yi dariya, yana zaton wasa take yi. Ta jawo wata tsohuwar sifika daga ƙarƙashin tebur, ta ɗauki reza.

"Gobe ka zo da jitar."

Sifikar farko da suka yanka ta lalace gaba ɗaya. Auta ta zurma reza da yawa, da Tela ya kaɗa sai abin ya yi wani irin gurnani har mai shayin da ke maƙwabtaka ya leƙo yana tambaya ko janareta ce ta kama da wuta. Ta biyu ma haka. A ta uku ta yi tsaga biyu ƙanana, kowace ba ta kai tsawon farce ba, a gefen takardar, ta ɗiga gam a bakin kowace don kada ta ci gaba da yagewa. Tela ya ja tsirkiya ɗaya. Sautin ya fito da ɗan kaushi a wutsiyarsa. Ya ɗago ya dube ta.

"Kar ka fara kuka tukuna," in ji ta. "Saura inuwar."

Inuwar ta ci musu kwana tara. Akwai na'urar da ake sayarwa don wannan aikin, mai kantin ma ya ara musu ɗaya, amma amsawarta ta cika tsabta, sai ka ce mutum biyu ne suke kaɗawa. Ta Bahago kuwa dusu-dusu take, tana ɗan rawa kafin ta ɓace. Auta ta tuna da wata babbar rikoda da wani ya kawo gyara tun shekara bakwai bai dawo ba. Irin mai kai uku ce a ciki, ɗaya yana gogewa, ɗaya yana ɗauka, ɗaya yana karantawa. Ta yi masa bayani da sukudireba a hannu.

"Ka ga wannan kan yana rubuta abin da ka kaɗa a zaren kaset. Kafin zaren ya iso wancan kan ya karanta, an ɗan jima kaɗan. Idan na haɗa abin da ya karanta da abin da kake kaɗawa, ga inuwarka nan. Kuma da yake injin ya tsufa, da kansa zai yi rawar."

Ta rage wa injin gudu, ta canja robar da ke juya shi, ta ƙona yatsa sau biyu. Da suka gama sai ta haɗa sifikar da kayan cikin akwatin sautinsa a gangar jikin wata tsohuwar rediyon katako, don nasa akwatin roba ne, yana ƙara kamar bokiti. Tela ya ɗinka wa abin riga da ragowar yadin labule, mai hannu biyu na ɗauka.

Ranar da suka gwada duka tare, masu wucewa suka tsaya a bakin lungu. Wani dattijo mai tura kaya ya ce ai ya ɗauka faifai aka sa. Auta ta yi ta washe baki. Tela ne kawai bai yi murna ba.

"Da saura," ya ce.

"Yaya, kana da matsala."

"Na sani. Amma da saura. Idan ya share tsirkiyoyin gaba ɗaya, nasa sautin sauka yake yi, nawa hawa yake yi. Ban san yadda zan faɗa miki ba."

"To wannan ba na wajena ba ne. Ni na gama nawa."

Saura mako uku. A gida ya zama ba ya cin abinci sosai, sai ya zauna a falo da jita a cinya da bangon faifan a kan tebur yana kallo. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta gaji da ganinsa haka. Wata safiya tana goge teburin ta ɗauki bangon faifan za ta matsar, sai ta tsaya tana dubawa. Ta dubi hoton, ta dubi mijinta.

"Baban 'Yan Biyu, me ya sa shi wayarsa mai kauri take ƙasa, taka kuma tana sama?"

"Ai bahago ne."

"Na san bahago ne. Na ce wayar. Shekara goma sha biyar ina kallon jitar nan a jikinka, mai kaurin ce kusa da haɓarka. Shi kuwa siririyar ce kusa da tasa."

Ya karɓi hoton ya kai shi bakin taga. Ya kalle shi ya fi sau dubu a rayuwarsa, amma kullum fuskar yake kallo da jan fentin. Gaskiyarta ne. Bahago bai taɓa sake jera tsirkiyoyi don su dace da hannun hagu ba. Jitar masu hannun dama ya ɗauka ya kifa ta kawai, ya koya a haka. Shi ya sa idan ya share su daga sama, siririyar ce take fara magana, mai kaurin ta rufe. Kuma idan zai lanƙwasa sauti, jawo tsirkiyar yake yi ƙasa da ƙarfin yatsu duka, ba tura ta sama ba.

Tela ya zauna a hannun kujera. "Kin san abin da kika yi kuwa?"

"Na goge tebur," in ji ta. "Ɗaga ƙafarka."

A ranar ya kwance tsirkiyoyin nan shida ya jera su a juye. Auta ta faɗaɗa ramukan da suke kwanciya a wuyan jitar da ƙaramin magagari, wanda ya yi yawa kuma ta cike shi da gam da garin ƙashi. Da ya ɗora yatsunsa sai ya koma ɗan koyo. Duk abin da hannunsa ya sani shekara goma sha takwas ya zama kuskure. Ya nufi wannan sauti, wancan ya fito. Mai askin da ke gefensa ya shigo ya tambaye shi cikin ladabi ko wani ne yake koya wa.

Bai ɗauki duka waƙoƙin ba, uku ya zaɓa. Yana buɗe shago ya yi awa ɗaya kafin mutane su fara zuwa, da rana ya yi awa biyu, da yamma kuma 'yan biyunsa su zauna a gabansa suna ƙirga masa kuskure da ƙarfi, abin ya zame musu wasa. Ranar farko sun ƙirga sittin da ɗaya a waƙa guda. Yatsunsa suka yi kanta a sabon wuri, riƙe allura ma ya zama aiki. Akwai yammacin da ya ajiye jitar ya ce ya haƙura, mutum mai shekara arba'in da huɗu ba ya sake koyon tafiya. Maman 'Yan Biyu ba ta rarrashe shi ba. Ta ce to ya mayar wa Auta da akwatinta, ya gaya mata da bakinsa cewa yatsun da ta ƙona a banza ne. Ya ɗauki jitar ya ci gaba. Ana saura kwana biyu, yaran suka ƙirga uku.

Ɗakin gwajin a hawa na biyu yake a gidan rediyon, bangonsa duk soso. Makaɗa goma sha ɗaya ne suka zo. Wasu da jar jitar nan sak irin ta hoton, wani saurayi kuma da wani faffaɗan allo cike da ƙananan akwatuna masu fitilu waɗanda ake takawa da ƙafa. Da Tela da Auta suka shigo, shi da rediyon katako cikin rigar labule, ita rungume da tsohuwar rikoda, sai wani ya ce a hankali, "Masu gyara a ƙasa suke." Aka yi 'yar dariya. Auta ta nemi soket ta durƙusa tana jona wayoyinta.

Zabiya tana zaune a tsakiya, 'yar ƙaramar tsohuwa da sanda a jingine da gwiwarta. A gefenta akwai tsohon mai gangar ƙungiyarsu, ya harɗe hannuwa, sandunan kiɗansa a aljihun riga. Kowa ya zo sai ta rufe ido ta saurara kamar minti ɗaya, ta ce, "Na gode, ɗana." Shi ke nan. Saurayin mai allo ya iya kiɗa sosai. Shi ta bar shi ya yi minti biyu, sannan ta gode masa.

Tela ne na tara. Auta ta danna rikoda, zaren ya fara juyawa. Ya ɗora hannu, sai tsohon sabo ya dawo masa, yatsan ya sauka inda ya saba sauka shekara da shekaru. Sautin ya fito a karkace, rikodar kuma ta maimaita masa kuskuren a gaban kowa.

"Sake," in ji Zabiya, idonta a rufe.

Ya goge tafinsa a wando. Ya ja numfashi, ya share tsirkiyoyin daga sama. Sautin ya gangaro daga siririya zuwa mai kauri, da ɗan dishinsa, inuwar ta biyo shi tana rawa. Ya shiga waƙar.

Bai kai layi na uku ba Zabiya ta buɗe ido. Ba shi ta kalla ba, wajen hagunta ta juya, inda babu kowa. Tsohon mai ganga ya zaro sandunansa ya fara bugawa a kan gwiwarsa. Sai ta buɗe baki. Muryar ta fito da ƙyar da farko, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba, sannan ta saki. Wani ma'aikacin gidan rediyon da ke bayan gilashi ya miƙe tsaye. Ta yi baiti ɗaya cikakke, ta ɗaga hannu, Tela ya tsaya.

"Kana sauri," ta ce. "Shi ba ya sauri, ko gobara ake yi. Za mu gyara wannan." Ta share ido da gefen mayafinta, ta nuna akwatin da sanda. "Wa ya yaga sifikar?"

"Ni ce, Inna," in ji Auta daga ƙasa.

"Da gangan?"

"Da reza."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. Ta ce tasu sifikar faɗowa ta yi daga saman mota a hanyarsu ta zuwa ɗaukar faifan farko, ba su da wata, suka yi da ita a haka. Da faifan ya karɓu sai Bahago ya hana kowa taɓa ta har ya mutu. Wani daga cikin masu jar jita ya yi ƙarfin hali ya tambaya, to ita jar fa?

"Ta mai hoto ce. Ya ce tasa ta yi muni da yawa a sa a bangon faifai."

Ragowar biyun ma an saurare su, don ta ce ba za a mayar da kowa bai kaɗa ba. Da aka tashi, saurayin mai allo ya zo ya tsuguna kusa da Auta yana leƙen cikin rikodar, ya tambaye ta inda shagonta yake.

Bayan sun yi makonni suna gwaji har Tela ya koyi sauran waƙoƙin, an yi wasan ranar wata Asabar da yamma a babban zauren taro na garin. Kujeru suka cika, mutane suka tsaya a jikin bango. Tela ya fito cikin rigar da ya ɗinka wa kansa, Auta kuma ta zauna a kan ƙaramar kujera a bayan akwatin, da kaset shida a cinya, don kowane gefe yana ƙarewa ne a juya shi. Maman 'Yan Biyu da yaran suna layi na biyu. Da ya share tsirkiyoyin farko, wani irin numfashi ya tashi daga zauren gaba ɗaya, kafin tafi ya biyo.

A waƙa ta huɗu rikodar ta cinye zare. Inuwar ta yi wani lanƙwasa ta mutu. Tela ya ji, Zabiya ma ta ji, amma ba wanda ya waiwaya. Ya ci gaba da kaɗawa a bushe, ya ɗan ja kowane sauti da yatsa don ya cike gurbin. A bayansa Auta ta buɗe murfin, ta fizge zaren da ya naɗe, ta hura, ta zura sabon kaset. Kafin amshi ya zagayo inuwar ta dawo. Mutanen layin gaba da suka ga abin da ya faru suka fara tafi a tsakiyar waƙa, sauran suka bi su ba tare da sun san dalili ba.

Da za a rufe, Zabiya ta gabatar da makaɗanta ɗaya bayan ɗaya. Ta kira mai ganga, ta kira Tela, zauren ya ɗauka har sai da ya rasa inda zai sa idonsa. Sannan ta ce, "Akwai kuma mai kaɗa mana rikoda. Tashi su gan ki, 'yata." Auta ta miƙe da tarin zare a hannu, ta rusuna, tabaraunta ya zame ya faɗi, ɗaya daga cikin 'yan biyun ya haye kujera yana ihu yana cewa gwaggonsa ce.

A bayan dandamali suna naɗe wayoyi, Zabiya ta zo tana dogara sandarta. Ta tsaya a kan Tela.

"Ranar Talata ƙarfe goma, a gidana."

"Inna, na ɗauka sau ɗaya aka ce."

"Na ce sau ɗaya. Na fasa." Ta gyara mayafinta. "Ina da waƙoƙi tara da na yi bayan rasuwarsa, ba wanda ya taɓa jin su. Waɗannan babu faifan da za ka saurara, kai za ka nemo musu kiɗa."

Auta ce ta amsa masa, tana cusa kaset a jaka.

"Zai zo, Inna. Amma a sa goma da rabi, sai na buɗe shago na sallami mutanen safe."

"Goma da rabi," in ji Zabiya, ta juya ta nufi motar da ke jiranta.